Biyan kuɗin wuta wata-wata: ko tsarin ya dace da magidancin Bune?

Hasken gida kuɗi ne. Ko kuna sayen batir na cocila, ko kuna kai salula wurin mai caji, ko kuna da farantin hasken rana, kullum wani abu yana fita daga aljihunku. Yadda ake biyan wannan kuɗi yana sauyawa, kuma ya kamata ku san tsarin kafin a kawo muku takarda ku sa hannu.

Mene ne cirar kuɗi kai tsaye?

A ƙasashe irin su Ingila, yawancin gidaje ba sa zuwa ofis biyan kuɗin lantarki da gas. Mai gida yana ba kamfani izini ya riƙa cirar kuɗi daga asusunsa na banki kowane wata. Kamfanin yana kintata abin da gidan zai sha a shekara, ya raba shi gida 12. A misali, idan kuɗin shekara jaka 60 ne, za a riƙa cirar jaka 5 duk wata, ko an sha wuta da yawa ko kaɗan.

Amfaninsa shi ne ba a mantuwa, kuma nauyi ba ya taruwa a wata guda. Amma yana da haɗari. A 2021 da 2022 farashin gas ya tashi, kamfanoni kusan 30 suka durƙushe a Birtaniya, kuɗin mutane yana hannunsu. Hukumar Ofgem mai sa ido ce ta mayar da mutanen ga wasu kamfanoni, ta kare musu kuɗinsu. Darasin shi ne: wannan tsari yana bukatar albashi mai zuwa kan kari, da hukuma mai ƙarfi.

Yaya abin yake a Nijar?

Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, shi ke sayar da lantarki. Yana da kwanta iri biyu: wadda ake shan wuta sannan takardar biya ta zo, da wadda ake sayen wuta tukuna kamar katin waya. Mutum ɗaya cikin biyar ne kawai, ko kusa da haka, ke da lantarki a ƙasar, kuma a karkara abin bai kai haka ba. Don faɗaɗa shi ne aka kafa hukumar ANPER a 2013, Bankin Duniya kuma ya amince da shirin Haske a 2021.

Samun wutar ma ba shi da tabbas. Kafin 2023, kimanin kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke shi a watan Agusta, ba ta maido ba sai a Maris 2024. Wanda ake cirar masa kuɗi iri ɗaya duk wata a irin wannan hali, yana iya biyan kuɗin duhu.

Ina matsalar manomi?

A karkara, tsarin yakan zo ta hanyar farantin hasken rana na bashi. Ana ba da kafin alƙalami, sauran a riƙa biya ta salula. Idan biya ya tsaya, na'urar tana kulle kanta. Kamfanin M-KOPA ya yaɗa wannan hanya a Kenya, ta bazu a Afirka.

To amma kuɗin magidancin Bune ba wata-wata yake zuwa ba. Yana zuwa ne da kaka bayan an girbe hatsi, ko ranar kasuwa idan an sayar da akuya. Da damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, kamfani bai san da wannan ba. A nan ne ake rasa haske, wani lokaci har da abin da aka riga aka biya.

Me ya kamata ku yi?

Ku ɗauki hikimar tsarin, wato rarraba nauyi, amma ku bar linzami a hannunku.

Na farko, ku rubuta abin da kuke kashewa kan batir da caji har wata guda. Kada ku ɗauki alkawarin da ya zarce shi da yawa.

Na biyu, ku tambaya: nawa ne jimillar kuɗin har ƙarshe? Me zai faru idan wata ya wuce ba a biya ba? Ana iya biyan watanni da yawa da kaka? Wa zai gyara idan na'ura ta lalace?

Na uku, ku ware kuɗin haske tun da kaka. Asusun mata irin na Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, wuri ne na irin wannan ajiya.

Na huɗu, kada ku ba kowa lambar sirrinku, kuma ku adana kowane rasit da saƙon biya.

Kada ku sa hannu ko dangwale a takardar da ba a karanta muku ita da harshen da kuke ji ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.