Araha Ba Ta Ado: Mu Duba Caja Kafin Mu Saya



A makon jiya wani ɗan ƙungiyarmu ya zo da tocilar da yake karatun dare da ita, batirinta ya kumbura har murfin ya ƙi rufuwa. Ya ce ya bar ta a caji tun bayan sallar isha'i har asuba, da wata caja da ya saya da rahusa. Allah ya tsare ba ta kama da wuta ba, alhali a kan tabarma ya ajiye ta, kusa da ƙannensa. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi magana.

Yawancinmu a Kalgo ba mu da kuɗin sayen caja mai tsada, kuma ba mu ce talaka ya daina sayen mai araha ba. Ra'ayinmu shi ne a cikin masu arahar akwai na kirki, akwai na banza, kuma ɗalibin da ke karanta kimiyya bai kamata ya kasa bambanta su ba.

Batirin waya da na tocila mai caji galibi na lithium ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Ƙarfinsa na yau da kullum volt 3.7 ne, yana cika a volt 4.2. In aka ci gaba da ɗura masa wuta bayan haka, sai ya yi zafi, ya kumbura, ruwan da ke cikinsa kuwa mai kamawa da wuta ne. Ko babban kamfani irin Samsung sai da ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 saboda batirinta na kamawa da wuta. To ina ga kayan da ko sunan wanda ya ƙera su babu?

Waya tana da na'ura a cikinta da ke tsayar da caji in batir ya cika. Hatsarin ya fi yawa a cajar da ake maƙala wa batir kai tsaye, da ta batirin tocila mai lamba 18650, domin a nan cajar ce ya kamata ta san lokacin tsayawa.

Ga abin da za mu duba. Na farko, rubutun jikinta. Caja ta kirki tana ɗauke da sunan kamfani, da wutar da take karɓa, wato volt 100 zuwa 240, da wadda take fitarwa, kamar volt 5. In babu rubutu, ko kuwa yana cike da kurakurai, a bar ta. Na biyu, zafi. Ɗumi kaɗan ba laifi ba ne, amma in ba ta riƙuwa a hannu, ko tana warin roba, a zare ta nan take. Na uku, in allon waya ya riƙa danna kansa yayin caji, ko jikin wayar yana ɗan jan hannu, wutar da cajar ke bayarwa ba ta da kyau. Na huɗu, a girgiza ta a ji ko wani abu na motsi a ciki, a duba ko ƙafafunta na rawa. Kada nauyi ya ruɗe mu, domin wasu masu jabu kan saka guntun ƙarfe a ciki.

Wani zai ce, ai ta araha ma tana caji. Gaskiya ne, amma a yi lissafi. Wanda ya sayi ta banza sau uku a zango ɗaya, sannan ya sauya batir, ya kashe fiye da kuɗin mai kyau guda. Ga kuma zafin garinmu, wanda a watan Afrilu yakan wuce digiri 40. Batirin da ake caji a irin wannan yanayi, musamman a ƙarƙashin matashi ko a rana, ya fi saurin lalacewa.

Muna roƙon malaminmu na fizis ya ware rana ɗaya mu kawo cajojinmu ɗakin gwaji, mu auna su da mita. Batirin tocila da ya wuce volt 4.2 sosai bayan caji, cajarsa ba ta tsayawa. Muna kira ga masu sayarwa a nan Kalgo da Birnin Kebbi su bar mai saye ya gwada kafin ya biya, ga hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki kuma ta riƙa leƙa kasuwannin ƙananan garuruwa.

Mu kuma mu daina barin caji a kan katifa ko tabarma mu yi barci. Batirin da ya kumbura kada a soke shi, kada a jefa shi a murhu. In mun koma gida yau, kowa ya ɗauko cajarsa ya karanta abin da ke jikinta, ya kuma nuna wa iyayensa.

Allah ya tsare mu da gidajenmu, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta