Hasashen yanayi: da wane mudu za mu auna shi?

Idan aka ce maka masu hasashen yanayi sun dace sau 90 cikin 100, kada ka yi saurin tafa musu. Daga Nuwamba zuwa Maris, ko yaron shago a kasuwar Birnin Ƙonni ya ce "gobe ba ruwa", kusan kullum zai ci.

Tun 1884 wannan matsala ta bayyana a Amurka. John Finley ya yi hasashen guguwa, ya dace sau 96 cikin 100. Da aka sake lissafi, sai aka ga wanda zai riƙa cewa "ba guguwa" kullum zai samu 98!

Mai buhunan gero a fili, ko mai lodi kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, tambaya biyu ce ta dame shi. Cikin manyan ruwan da suka sauka, nawa aka sanar kafin su zo? Cikin gargaɗin da aka yi, nawa ne ya tashi a banza? A ganina ta farko ta fi nauyi. Tamfol ɗin da aka ɗaura ruwa bai zo ba, wahalar yini ce. Geron da ya jiƙe kuwa, jari ne ya tafi.

Hasashen damina da cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke fitarwa, kaso ake bayarwa: ruwa ya zarce yadda aka saba, ya yi daidai, ko ya gaza. Awon Brier na 1950 ya dace da shi, domin yana cin tarar mai cika baki in ya kuskure. A 2024 an yi hasashen ruwa mai yawa, ambaliya kuma ta auka wa Maraɗi da Damagaram. Amma damina ɗaya ba ta isa shaida ba. A kawo mana sakamakon shekara 10 a rediyo, da Hausa, kafin lokacin sayen hatsi.