Harbin Teku Ba Irin Na Kunama Ba Ne

Zafi ya kankama a nan Sabha, da rana ma'auni yana haura digiri 40, wutar lantarki kuma sai ta ga dama take leƙo mu. Makarantu sun yi hutu. A irin wannan lokaci ne duk maigidan da ya ce zai tafi sarin kaya Tarabulus ko Misrata yake shan roƙo a gida: "Abba, don Allah ka tafi da mu mu ga bahar." Da yawanmu kuma ba ma iya cewa a'a. A cika mota da yara, a bi ta Birak da Shuwairif da Mizda da Gariyan, tafiyar da ta haura kilomita 700, maigida ya yi kwana biyu a kasuwar Karimiya, ranar Juma'a da yamma kuma a gangara bakin teku.

Ni dai ba zan hana kowa ba. Yaron da aka haifa a Gurda ko Mahadiya, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi na tankin gidansu yawa ba, ya cancanci a kai shi ya ga ikon Allah. Abin da nake so mu tattauna yau shi ne wata halitta da ke jiran baƙo a cikin wannan ruwa. Mu mutanen rairayi ne, kunama muka sani, kuma hannunmu ya saba da abin da zai yi da zarar yaro ya ƙwala ihu. To, kusan duk abin da hannun nan ya saba yi, a bakin teku ƙara wa yaron azaba yake.

Mece ce wannan halitta?

Larabawa suna kiranta kandilul bahar, wato fitilar teku. Ban taɓa jin sunanta da Hausa ba, kuma ba abin mamaki ba ne tunda ba a Kano ko Damagaram take ba. In ka hango ta a ruwa sai ka rantse farar leda ce wani ya yar. Samanta kamar 'yar lema, ƙasanta kuma wasu zaruruwa ne suke reto. Ba ta da ƙashi, ba zuciya, ba ƙwaƙwalwa, kusan kashi 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne. Ba ta bin mutum don ta harbe shi, iska da igiyar ruwa ne suke koro ta gaɓa, musamman a watannin zafi, daidai lokacin da muke zuwa.

A jikin zaruruwan nan akwai dubban ƙananan allurai masu dafi waɗanda ido ba ya gani, kowace tana naɗe a cikin 'yar jakarta. Da zarar zaren ya goga fata sai wasu su fashe su soki mutum. Ga inda maganar take: waɗanda suka fashe a karon farko kaɗan ne. Sauran suna nan manne a fata, ba su tashi ba, suna jiran abin da zai taɓa su. Murza wurin yana tayar da su. Ruwan daɗi ma yana tayar da su, domin a ruwan gishiri suka saba zama, da sun ji canji sai su fashe.

A Bahar Rum akwai iri-iri. Akwai wata 'yar ƙarama mai launin shunayya da masana ke kira Pelagia noctiluca, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, tana ƙyalli da dare, amma harbinta kamar an ɗora maka garwashi. Akwai kuma wata ƙatuwa, Rhopilema nomadica, wadda baƙuwa ce kamar mu. Ta shigo ne ta mashigin Suwez da aka buɗe a 1869, aka fara ganinta a gabashin Bahar Rum a ƙarshen shekarun 1970, kuma takan kai nauyin kilo 10. A bazarar 2017 ta cika gaɓar arewacin Masar har ta kori masu hutu daga ruwa. Wanda ya taɓa wanka a tafkin Gabar Aun da ke cikin rairayin Ubari kada ya ce ya san ruwan gishiri. 'Yan jajayen halittun da ke can, waɗanda mutanen wurin ke kira dud, ba sa harbi. Na teku daban ne.

Abin da na gani a Zilitan

Bara na tsaya a wata gaɓa kusa da Zilitan a hanyata ta dawowa daga Misrata. Can gefe akwai wasu iyalin mutanenmu, da jin Hausarsu ka san 'yan wajen Tawa ne. Wani yaro ɗan shekara takwas haka ya fito daga ruwa a guje yana riƙe da cinya yana kururuwa. Kafin ka ce kwabo uwar ta ɓalle murfin gorar ruwan sha ta tuttula masa, ƙanin uban kuma ya damƙi rairayi ya fara dirzawa, wai ya cire dafin. Ihun yaron ya ninka. Wani ma har ya kwance igiyar wandonsa zai ɗaure cinyar.

Wani dattijo masunci ne ya taso daga inda yake gyaran komarsa yana ɗaga hannu: "La, la, ya Hajja! Ajiye gorar nan." Ya ɗebo ruwan teku a bokitinsa ya dinga kwarara wa wurin a hankali, ya karɓi katin waya ya kankare wasu zaruruwa masu kama da majina, sannan ya nuna butar shayin da ke kan wuta. Aka surka ruwan zafi da na teku, aka jiƙa tawul ana ɗorawa ana sakewa. Uwar sai cewa take, "Baba, ba za a ɗaure ba? Dafin fa zai hau." Na fassara masa, ya girgiza kai. Bayan kamar rabin sa'a yaron ya yi shiru, sai dai jan shati a cinyarsa kamar an zabga masa bulala.

Ba laifin uwar ba ne. A wurinmu ruwan daɗi shi ne maganin komai: a wanke ciwo da shi, a yayyafa wa wanda ya suma, a ba wanda ya firgita. Wa zai yi zaton shi ne zai ƙara cutar da ɗansa? Rashin sani ya fi dare duhu.

Abin yi idan an harbi wani

Na farko, a fito da shi daga ruwa nan take. Yawancin mutanenmu ba su iya iyo ba, kuma wanda raɗaɗi ya gigita a cikin ruwa yana iya nutsewa ko da ruwan iya ƙirjinsa ne. Wannan haɗarin ya fi na dafin kansa.

Na biyu, a kwarara ruwan teku a wurin, ba tare da murzawa ba. Na uku, a cire zaruruwan da suka manne da matsefata ko gefen katin banki. Kada a sa hannu tsirara, don mai ceto ma zai sha harbi. Na huɗu, a tsoma wurin a ruwa mai zafi iya yadda fata za ta jure ba ƙuna, kamar digiri 43 zuwa 45, na tsawon minti 20 zuwa 40. Zafi yana rage ƙarfin dafin. Babba ya fara gwada ruwan da hannunsa, domin yaron da ke cikin raɗaɗi ba zai gane ruwan ya yi yawa ba. Bayan haka sai a ba da Panadol, in kuma ƙaiƙayi ya biyo baya a je saidaliya a nemi maganin ƙaiƙayi da man shafawa.

Ban da ruwan gora, ban da rairayi, ban da ɗauri, ban da tsaga. Ban da man goge baki, ban da turare, ban da fetur. Za ku ji wasu samari suna cewa a yi wa wurin fitsari. Maganar banza ce, ba ya magani, ga kuma najasa. Tunda ma maganar ta zo, ɗauri da tsaga ko a harbin kunama likitoci sun hana.

Sai batun ruwan khal, inda ake yawan musu. Gaskiyar ita ce ya danganta da irin halittar. A arewacin Ostireliya da wasu gaɓoɓin Tailan akwai wata mai siffar akwati wadda dafinta ke iya tsayar da zuciya cikin 'yan mintuna, kuma a can khal ake kwararawa aƙalla daƙiƙa 30, har kwalabensa ake ajiyewa a bakin teku. Alhazanmu masu sarin kaya a Bankok, in kun leƙa teku ku riƙe wannan. Amma a kan irin na Bahar Rum masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, don a wasu nau'o'in khal yana ƙara fasa alluran. Saboda haka a gaɓar Libiya ku tsaya ga ruwan teku da ruwan zafi.

Magana ga iyaye mata

Hajiya, wannan ɓangaren naki ne. Matanmu da 'yan matanmu da tufafinsu suke shiga ruwa, doguwar riga da wando da hijabi, kuma haka ya dace da mu. Suturar nan tana da amfani, tana kare fata daga manyan zaruruwa. Amma tana da nata tarkon.

Turawan da ke yawon shaƙatawa a manyan jiragen ruwa zuwa tsibiran Karebiyan da gaɓar Fulorida a Amurka sun san wani abu da suke kira ƙwarƙwatar teku. Ba ƙwarƙwata ba ce, 'ya'yan wata ƙaramar kandil ne, kowane bai wuce ƙwayar barkonon da aka daka ba. Suna shiga ta saƙar tufafi su maƙale tsakanin yadi da fata. Mutum zai fito lafiya lau, sai bayan sa'o'i ƙuraje masu azabar ƙaiƙayi su feso masa daidai inda riga ta matse: ƙugu, hammata, ƙirji, wuya. Yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, yara kuma wani lokaci har da zazzaɓi. A can aka fi saninsa, daga watan Maris zuwa Agusta. Amma darasin ya shafe mu, domin a kowace teku gutsattsarin zaruruwan kandil suna iya shiga ƙarƙashin riga su maƙale.

Dubi yadda muke yi. A fito daga ruwa, a zauna a kan tabarma da jiƙaƙƙun kaya har su bushe a jiki, ko kuma a tsaya bayan mota a kwarara wa yarinya ruwan jarka a kan rigarta don a wanke gishiri. Duka biyun suna tayar da alluran da ke ɓoye. Abin da ya kamata shi ne kowa ya zo da kayan canji. A kewaya da zane ko a shiga tanti, a cire jiƙaƙƙun kayan tukuna, sannan a yi wanka da ruwan daɗi. Kayan kuma a ƙulle su a leda, a wanke su da omo da ruwan zafi, su bushe ƙayau kafin a sake sa su.

Ki kuma ja kunnen yara a kan waɗanda igiyar ruwa ta watso kan rairayi. Yaro zai ga abu mai sheƙi kamar alawa ya ɗauka. Ko ta mutu alluranta suna aiki, kuma hannun da ya taɓa ta shi zai kai ido.

Lokacin da ba a jira

Mafi yawan harbin Bahar Rum raɗaɗi ne da shati, ya wuce cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki. Amma akwai alamun da in an gani sai asibiti: numfashi yana sarƙewa, leɓe ko harshe ko fuska ta kumbura, ciwon ƙirji, amai ba ƙaƙƙautawa, jiri ko suma, borin jini ya bazu a jiki duka. Haka in harbin a ido ne ko a baki, ko ya mamaye wuri mai faɗi a jikin ƙaramin yaro, tsoho ko mai ciki.

Na san abin da ke ran wasunmu. Wani iƙamarsa ta ƙare, wani ba shi da takarda ko ɗaya, jin sunan asibiti kawai yana sa gabansa ya faɗi. Alhaji, in maƙogwaron ɗanka ya fara toshewa, mintuna ne tsakaninsa da mutuwa. Matsalar takarda ana warware ta gobe, rai kuwa ba a sayo shi a kasuwa. Tun kafin a shimfiɗa tabarma ka tambayi mutanen wurin ina asibiti ko iyada mafi kusa, ka riƙe hanyar a kanka.

Kada kuma ka ɗauki yaron da aka harba da la'asar ka kama hanyar Sabha da magariba. Kowa ya san dogon dajin da ke tsakanin Shuwairif da Birak, in abu ya rikice a nan ba ka da mai taimako sai Allah. Kwana ɗaya a gari ba zai karya jarinka ba.

Saboda haka kafin a tayar da mota, a saka matsefata, fulas ɗin ruwan zafi, ƙaramin bokiti, Panadol da kayan canji na kowa. In an isa, a tambayi masunta ko akwai kandil yau, matambayi ba ya ɓata. In kun ga 'yan gari suna zaune a kan rairayi ba mai shiga ruwa, ku ma ku zauna ku sha shayinku, yara su yi gini da rairayi. Babba ɗaya kuma ya zama aikinsa kawai sa ido a kan yara, ba waya a hannunsa.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya, Ya sa albarka a kasuwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.