Ruwan dam ma yana da kalandarsa: darasi ga Gusau daga gaɓar teku

Kogin Sakkwato yana tasowa ne daga yankin Funtua, ya ratsa ta Gusau da Bungudu, ya zuba a madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara. Madatsar Gusau da ke kansa ita ce jigon ruwan famfon babban birnin jihar, abin da mazauna garin suka tabbatar a 2006 lokacin da ta ɓalle. Sai dai muhawararmu kan ruwa ba ta cika wuce yawansa ba: ya zo ko bai zo ba, nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka. Ba kasafai ake tambayar me ke rayuwa a cikinsa ba, alhali amsar tana sauyawa daga wata zuwa wata.

A kowane ɗigon ruwan teku ko na dam akwai dubban ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita. Masana na kiransu filankiton. Wasunsu tamkar tsirrai suke, suna haɗa abinci da hasken rana, kuma na teku kaɗai ke samar da kusan rabin iskar shaƙa da duniya ke samarwa. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne, wasu kuma ƙananan dabbobi masu cin 'yan uwansu.

Tun 1931 masu bincike a Ingila ke jan wata na'ura a bayan jiragen ruwa suna tattara waɗannan halittu, aikin da har yau ake ci gaba da shi daga birnin Plymouth. Abin da irin wannan dogon bibiya ya nuna shi ne, al'ummar halittun gaɓar teku ba ta sauyawa kara zube. Zafin ruwa, tsawon yini da yawan sinadaran da koguna ke kwarara su ke yanke wa kowane jinsi lokacin bunƙasa da lokacin ja da baya, kuma tsarin yana maimaita kansa kusan kowace shekara.

Zamfara ba ta da teku, amma dokar ɗaya ce a ruwan da aka tare. Da damina ruwa na wanko takin zamani daga gonaki, da kashin dabbobi da ƙazantar kwatami, ya shigar da su kogi. Da bazara ruwa ya ja baya, ya yi ɗumi, ya tsaya cak. Wannan shi ne yanayin da gansakuka mai kore-shuɗi ta fi so, kuma wasu nau'o'inta na fitar da guba mai illa ga hanta, wadda tafasa ruwa ba ta kashewa. A watan Agustan 2014 an hana mutane kimanin 400,000 a birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo na kusan kwana uku saboda irin wannan guba daga tafkin Erie.

Ita ma kwalara tana da alaƙa da wannan duniya. Masaniya Rita Colwell ta nuna cewa ƙwayar cutar na maƙalewa a jikin ƙananan dabbobin filankiton a gaɓar Bangaladesh. A wani gwaji da aka wallafa a 2003, matan ƙauyuka sun riƙa tace ruwa da tsohon mayafi da aka ninka sau huɗu, sai kamuwa da cutar ta ragu da kusan rabi. A nan gida babbar hanyar yaɗuwarta ita ce haɗuwar bahaya da ruwan sha, musamman idan ambaliya ta cika shadda ta malala cikin rijiyoyi. A 2021 Hukumar NCDC ta ƙirga fiye da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma Zamfara na cikin jihohi huɗu da abin ya fi shafa.

Abin da ke da lokacin zuwa ana iya tararsa. Maimakon jiran asibitoci su cika, Hukumar Samar da Ruwan Sha ta Jiha za ta iya haɗa hannu da Jami'ar Tarayya ta Gusau a riƙa ɗiban ruwa kowane wata daga wurare ƙayyadaddu: madatsar Gusau, mashigar kogi a Bungudu, da tafkunan da jama'ar Tsafe ke sha. A auna zafinsa da duhunsa da halittun cikinsa, a rubuta, a adana. Bayan 'yan shekaru za a san watan da ya kamata a ƙara sinadarin kulorin, da watan da kulorin kaɗai ba zai wadatar ba, da lokacin gargaɗin masu sana'ar ruwan leda da 'yan garuwa.

Kuɗin wannan aiki bai kai na buɗe sansanin jinyar kwalara guda ba. Wahalarsa ita ce ɗorewa, domin ma'aunin shekara ɗaya ba ya nuna komai sai an jera shi da na goma. Don haka wurinsa shi ne kasafin kuɗi na yau da kullum, yadda sauyin gwamnati ba zai katse shi ba.