Marinar Ƙofar Mata Ba ta Ranar Sallah Kaɗai Ba Ce

A tsibirin Malta na Bahar Rum, baƙi kan yi cincirindo ne a watannin Yuli da Agusta. Wanda ya je da hunturu shi ke jin harshen 'yan ƙasa mai tushen Larabci, ya ga yadda suke rayuwa. A ganina, haka lamarin marinar Ƙofar Mata yake.

Wannan karofi, da ake cewa an kafa shi a 1498, ba ma tuna shi sai lokacin Hawan Sallah, mu kai baƙi su ɗauki hoto. Alhali aikin yana cikin sauran watanni: a haɗa baba da toka da katsi, a jira rini ya nuna, a yi ta tsoma zane, sannan a kai mabuga. A matsayina na malamin harshe, abin da ke damuna shi ne kalmomi irin su laso, shuni da turkuɗi. A bakin marina suke rayuwa, kuma duk ramin da aka bari ya cike, da kalmominsa yake tafiya.

A 2024 UNESCO ta sanya hawan Kano cikin gadon al'adun duniya, amma a shekarar ce 'yan sanda suka hana hawan Babbar Sallah. Sana'ar da ta dogara ga biki tana cikin haɗari ke nan.

Saboda haka, ya mai karatu, je Ƙofar Mata ranar da babu kowa. Tafi da 'ya'yanka, ka yi tambaya, kuma ka sayi zane.