Raddi Ga Mai Cewa Fadar Kano Ba Ta San Shawara Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, wani ɗan'uwa ya yi rubutu yana kambama 'yan majalisa da masanan daular Rum, har ya ce fadar Kano ta dā babu kowa a cikinta sai 'yan amshin Shata. Ga amsa daki-daki.

Na ɗaya, ya ce sarki shi kaɗai yake kiɗansa yake rawarsa. To, ina ya baro Tara ta Kano, majalisar da Muhammadu Rumfa ya kafa a mulkinsa na 1463 zuwa 1499? Har gobe Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta su ne masu zaɓen sarki.

Na biyu, ya ce hakimai ba su da ta cewa. Tarihin Kano ya ƙaryata shi. A wajajen 1652 Madaki Kuma ya tuɓe Sarki Kukuna ya ɗora Soyaki. Wata uku kacal aka yi, sauran manyan gari suka haɗa kai suka mayar da Kukuna gadonsa. Wanda ya iya tuɓewa da naɗawa, ai ba ɗan rakiya ba ne.

Na uku, ya ce ba malamin da ya taɓa yi wa sarki nasiha. Subhanallahi! Shehu Magili, mutumin Tilimsan, ya sauka Kano a zamanin Rumfa, ya rubuta masa Tajuddini, littafin da ya jera wa mai mulki abin da ya wajaba a kansa. Unguwar Sharifai shaida ce, haka ma Madabo, matattarar malaman Wangarawa.

Na huɗu, Rum ɗin da yake tinƙaho da ita. Ba mu musa ilimin Seneka ba, amma shi da ya tarbiyyantar da Sarki Nero, da umarnin Neron ya kashe kansa a shekara ta 65. A zamanin sarakunan nan majalisa na da suna da alfarma, takobi kuwa yana hannun sarki da askarawansa.

Ya ɗan'uwa, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ka shiga Gidan Makama ka ga tarihin garinka da idonka, ka karanta abin da magabata suka bari, sannan ka ɗauki alƙalami. Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon binta.