Tukunyar Fure Ta Fi Zanen Allo

A makarantun sakandare da dama na Tudun Wada da Doguwa, har zuwa Kiru da Bebeji, ɗalibi yakan haddace sassan fure daga zanen allo, ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa tsaga fure da hannunsa ba. Abin takaici ne, musamman ga yaran da ke zaune a bakin Dajin Falgore. Uzurin da aka saba bayarwa shi ne rashin kayan aiki. Akwai kuwa tsiron da ke rushe wannan uzuri.

Sunansa a kimiyyance Gomphrena globosa, kamar yadda Linnaeus ya raɗa masa a 1753. Asalinsa Amurka ta Tsakiya, amma dangin alayyafu ne. Tsayinsa ba ya cika wuce santimita 60, kuma yana fitar da kawuna ƙulu-ƙulu kamar maɓalli, ja garura ko farare. A nan darasin yake. Abin da ido ke ɗauka fure ne, ƙananan ganyaye ne masu kaushi kamar takarda. Furen ainihi ɗan mitsitsi ne, yana ɓoye a tsakaninsu. Ɗalibin da ya tono shi da tsinke ba zai sake mantawa ba. Kaushin nan ne ya sa kan ba ya koɗewa idan an shanya shi a inuwa, sai malami ya adana shi har zangon karatu na gaba.

Haka kuma yana harhaɗa abincinsa daga hasken rana ta hanyar da masana ke kira C4, irin ta gero da dawa, shi ya sa zafin bazara ba ya kayar da shi.

Renonsa ba wuya. Tsohuwar tukunya mai huda a gindi ta isa, a zuba ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, a jiƙa irin ya kwana, a shuka sama-sama, a ajiye inda rana ke bugawa. Cikin mako biyu ya tsiro. Babban maƙiyinsa shi ne kwanciyar ruwa, kuma kudancin Kano ya fi birni samun ruwan sama, don haka a watan Agusta sai a ɗora tukwanen kan duwatsu, kada saiwa ta ruɓe.

Wani zai ce fure ba ya cika ciki, gara a shuka kuɓewa. To, a shuka mana. Tukunya goma ba ta cin filin kuɓewa.